Ƙarfin Haɗi: Yadda Ake Lissafin Abin da Aka Narkar Cikin Ruwa



A ranin da ya wuce, muna cikin rangadin azuzuwan karatun manya, muka sauka wani ƙauye na jihar Maraɗi. Bayan an tashi daga darasi, wata ɗaliba ta ba mu labarin maƙwabciyarta. Ɗan matar, mai shekara ɗaya da rabi, ya kamu da zawo. Uwar ta je gidan likita, aka ba ta ƙunshin garin nan da ake kira SRO, wato gishirin mayar da ruwan jiki. Da ta komo gida sai ta juye ƙunshin duka cikin ƙaramin kofi, ta motsa. A ganinta, in magani ya yi kauri zai fi saurin aiki. Yaro ya kurɓa sau biyu, ya kau da kai, ya shiga kuka. Allah ya sa ɗalibar tamu ta shigo a lokacin. Ta ɗauki takardar ƙunshin, ta bi baƙaƙen da yatsa, ta ga an rubuta litar 1. Suka zubar da na kofin, suka karɓo wani ƙunshi, suka haɗa shi cikin litar guda ta ruwa mai tsabta. Yaron ya sha, ya samu sauƙi.

Uwar nan ba ta yi sakaci ba. Ta je likita da wuri, ta karɓo maganin da ya dace. Abu ɗaya ya ɓace mata, shi ne yawan ruwan da za a zuba. Wannan shi ne darasinmu na yau. Ku ɗauko alli ko fensir, domin akwai lissafi, amma bai wuce rabawa da ninkawa da muka riga muka koya ba.

Mene ne ƙarfin haɗi?

Duk mai dafa shayi ya san wannan abu, ko bai san sunansa ba. In ka jefa ƙwayar sukari biyu cikin ƙaramin kofi, shayi ya yi zaƙi. In ka jefa biyun nan cikin babbar buta, ba za ka ji komai ba. Sukarin bai ragu ba, ruwan ne ya ƙaru. Ashe zaƙi ya rataya ga abu biyu: yawan sukari da yawan ruwa.

Yawan abin da ya narke cikin kowace litar ta haɗi, shi muke kira ƙarfin haɗi. Ga ƙa'idarsa ta farko:

ƙarfin haɗi = garam na abin da aka narkar, a raba da yawan litar

Misali, an narkar da gishiri garam 10 cikin ruwa litar 2. Za mu rubuta 10 : 2 = 5. Ƙarfin haɗin garam 5 ne cikin litar. In garam 10 ɗin nan aka narkar cikin rabin litar, sai mu rubuta 10 : 0,5 = 20. Gishirin ɗaya ne, amma haɗi na biyu ya ninka na farko ƙarfi sau huɗu.

Mu tuna, ɗigo biyu da ke tsakanin lambobi alamar rabawa ce. Lambar da ke bayan waƙafi kuwa guntu ce da ba ta cika ɗaya ba. Don haka 0,5 rabi ne, 0,25 kwata ne, 1,5 kuma ɗaya da rabi.

Mu fara sanin litar

Lissafi ba ya amfani in ma'auni ya karkace. Litar ɗaya santilitar 100 ce, kuma mililitar 1000 ce. A jikin kwalabe ana rubuta santilitar da baƙaƙe biyu, cl, mililitar kuma ml. Ledar ruwan sha da aka rubuta wa 50 cl rabin litar ce, sai an haɗa biyu a samu litar. Babbar kwalbar roba da aka rubuta wa 150 cl litar ɗaya da rabi ce, mutane da yawa kuwa suna ɗaukarta a kan litar guda.

Shawararmu ita ce kowane gida ya ware kwano ɗaya mai tsabta. A auna litar guda ta gaskiya a zuba a ciki, a yi zane daidai inda ruwan ya tsaya. A yi wannan tun yaro yana lafiya lau, domin ran da ciwo ya zo da tsakar dare hankali ba ya kwanciya a tsaya neman ma'auni.

Me ke cikin ƙunshin SRO?

Ƙunshin da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da Unisef suka amince da shi, na litar guda, nauyinsa garam 20,5 ne. Abu huɗu ke ciki:

sukarin da ake kira gulukoz, garam 13,5
gishirin miya, garam 2,6
gishirin potasiyom, garam 1,5
sitirat, garam 2,9

Ku tara da kanku, za ku samu 20,5. A jikin ƙunshi da yawa akwai wani jerin lambobi na biyu, da alamar mmol/l a gefensu. Nan za ku ga sodiyom 75, kulor 65, gulukoz 75, potasiyom 20, sitirat 10. Ɗalibai sun sha tambayarmu ma'anar waɗannan lambobi, da dalilin da ya sa ba su yi daidai da na garam ba. Amsar tana cikin wata kalma gajeruwa, mol.

Awo da ƙirga

A kasuwa akwai abin da ake aunawa, akwai wanda ake ƙirgawa. Hatsi da tiya ake auna shi. Goro kuwa ƙirga shi ake yi, in an ce ƙwarya ɗaya kowa ya san goro ɗari ake nufi. A zamanin da ake ciniki da wuri, kakanninmu in sun ce keso ɗaya, wuri 20.000 ke nan.

Yanzu ku ɗauki kilo ɗaya na hatsi da kilo ɗaya na wake. Nauyinsu ɗaya. Amma in aka ƙirga ƙwayoyin, na hatsi za su ninka na wake sau da yawa, saboda ƙwayar hatsi ƙarama ce.

Haka abin yake ga gishiri da sukari da ruwa da duk abin da muke gani. Kowanensu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, ko da madubin likita na duba jini. Ƙwayar kowane abu da nauyinta. Ta gulukoz ta ninka ta gishiri nauyi wajen sau uku. Jikin ɗan Adam kuwa, wajen shan ruwa daga hanji, da yawan ƙwayoyin yake aiki, ba ruwansa da nauyinsu. Shi ya sa masana suke bukatar ƙirga.

To, ta yaya za a ƙirga abin da ba a gani? Sai aka yi masa babban tari mai suna, kamar yadda aka yi wa goro ƙwarya. Sunan tarin mol. Mol ɗaya na kowane abu yana da ƙwayoyi adadi guda, wanda ake rubutawa da 6 da lambobi 23 a bayansa. Ana kiran adadin da sunan Amedeo Abogadro, wani masani ɗan ƙasar Italiya da ya rayu daga 1776 zuwa 1856. A shekarar 1971 aka shigar da mol cikin ma'aunan da ƙasashen duniya suka yarda da su, tare da metir da kilo da daƙiƙa.

Girman adadin nan ya wuce tunani. A 2022 mutanen duniya suka kai miliyan dubu 8. Da dukansu za su zauna suna ƙirga ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, dare da rana, ba ci ba barci, sai sun shafe fiye da shekara miliyan 2 kafin su gama mol guda. Amma mol guda na ruwa garam 18 ne kawai, wato babban cokali ɗaya da ɗan ɗori.

Ba wanda ke zama ya ƙirga. Masana sun riga sun gano nauyin mol ɗaya na kowane abu, sai a auna a sikeli a san yawan ƙwayoyin. Ga waɗanda za mu yi aiki da su:

ruwa, garam 18
gishirin miya, garam 58,5
takin ure, garam 60
gishirin potasiyom, garam 74,5
gulukoz, garam 180
sitirat na SRO, garam 294
sukarin shayi, garam 342

Da yake mol ya yi wa aikin likita girma, sai aka raba shi gida dubu. Kashi ɗaya shi ne milimol, kamar yadda mililitar take ga litar. Alamar mmol/l da ke jikin ƙunshi, ma'anarta milimol nawa ne cikin litar guda.

Lissafin da kansa

Mataki uku ne.

Na farko, a raba garam na abin da aka narkar da nauyin mol ɗaya nasa. Abin da ya fito shi ne yawan mol.

Na biyu, a raba yawan mol da yawan litar na haɗin. Abin da ya fito shi ne mol cikin litar.

Na uku, in ana son milimol, a ninka sau 1000.

Mu gwada da gulukoz na cikin ƙunshi. Garam 13,5 ne, nauyin mol nasa 180. Sai mu rubuta 13,5 : 180 = 0,075. Ruwan litar 1 ne, rabawa da 1 kuwa ba ta sauya komai. Mu ninka sau 1000, mun samu 75. Ku duba takardar: gulukoz 75. Lissafinmu ya yi daidai da na masu haɗa maganin.

Mu gwada da gishirin potasiyom. 1,5 : 74,5 = 0,020. A ninka sau 1000, ya ba da 20. Takardar ma potasiyom 20 ta ce.

Na sodiyom yana da ɗan zagaye, amma ku biyo mu a hankali. Ƙwayar gishirin miya tagwaye ce, sodiyom ɗaya da kulor ɗaya. In ta shiga ruwa sai su rabu, kowane ya kama gabansa. Nauyin mol na sodiyom 23 ne, na kulor 35,5, in an tara shi ne 58,5 ɗin da muka gani. Gishirin ƙunshi garam 2,6 ne, don haka 2,6 : 58,5 = 0,044, wato milimol 44. Ke nan ya ba da sodiyom 44 da kulor 44. Ina sauran sodiyom ɗin ya fito, tun da takarda ta ce 75? Daga sitirat. 2,9 : 294 ya ba da wajen milimol 10, kuma kowace ƙwayar sitirat tana ɗauke da sodiyom uku. Uku sau 10, 30 ke nan. A tara 44 da 30, an samu 74, wanda aka cike zuwa 75. Kulor kuma, 44 daga gishirin miya, 20 daga gishirin potasiyom, jimla 64, aka cike zuwa 65.

Abin lura ɗaya: masu aikin awo a ɗakin bincike ba sa zuba gari a kan litar cikakka. Suna fara narkar da shi cikin ruwa kaɗan, sannan su cika har haɗin duka ya kai zanen litar, domin litar ta haɗi ake nufi a lissafi. Ga ƙunshin SRO bambancin bai taka kara ya karya ba, saboda garin kaɗan ne. A auna litar guda a juye ƙunshin, kamar yadda takarda ta ce.

Me ya sa 75 da 75?

Ba haɗuwar dace ba ce sodiyom da gulukoz suka zo lamba ɗaya. A bangon hanjin mutum akwai wasu ƙananan ƙofofi da ba sa barin sodiyom ya wuce sai tare da gulukoz. In sun shiga tare, ruwa ya bi bayansu zuwa cikin jini. Wani masanin Amurka, Robert Crane, shi ya bayyana wannan a 1960. Daga baya aka gane cewa ƙofofin nan suna ci gaba da aiki ko mutum yana fama da kwalara. Saboda haka ruwan gishiri zalla ba ya wadatar da mai zawo, ruwan sukari zalla ma haka. Sai an haɗa su, kuma yawan ƙwayoyinsu ya yi kusa da juna.

An ga amfanin wannan ilimi a fili a 1971. A shekarar ana yaƙi a ƙasar da ta zama Bangaladash, mutane miliyoyi suka yi gudun hijira zuwa Indiya. Kwalara ta ɓarke a sansanin Bangaon, kwalaben ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukoz cikin manyan ganguna bisa awo, dangi suna ba majinyatansu da kofi. Kafin nan, wajen mutum 30 cikin 100 na masu ciwon suke mutuwa. Cikin waɗanda aka ba haɗin, waɗanda suka rasu ba su kai 4 cikin 100 ba.

Ƙunshin farko da OMS da Unisef suka yaɗa daga 1975 ya fi na yanzu ƙarfi: sodiyom 90, gulukoz 111. In an tara duk ƙwayoyinsa, 311 ne cikin litar. Bayan gwaje-gwaje aka ga cewa in an rage ƙarfin kaɗan, yara sun fi samun sauƙin amai da zawo, kuma masu bukatar ƙarin ruwa ta jijiya sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Sai aka sauya a 2002. Ku tara na yanzu: 75 da 65 da 75 da 20 da 10, jimla 245. Na jinin mutum yana wajen 290. Da yake haɗin bai kai jini kauri ba, ruwansa yana saurin wucewa daga hanji zuwa jiki. Ku duba fa, masana sun yi shekaru suna bincike a kan bambancin 311 da 245. Abin da aka auna da irin wannan kula bai kamata mu haɗa shi da ka ba.

Mu koma ga kofin maƙwabciya

A ce kofin da uwar nan ta yi amfani da shi kwatan litar ne, wato 0,25. Sodiyom ɗin ƙunshi 75 ne. Sai mu rubuta 75 : 0,25 = 300. A jinin mai lafiya, sodiyom yana tsakanin 135 da 145 cikin litar. Ashe abin da ta miƙa wa yaron ya ninka na jininsa fiye da sau biyu. Jimlar ƙwayoyin kuma, 245 sau huɗu, 980 ke nan.

Ruwa yana da hali guda: yana barin inda ƙwayoyi suke kaɗan ya nufi inda suka yi yawa. Kowace mace ta ga wannan a madafa. In aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko tumatir, ba a jimawa sai a ga ruwa ya fito. Haka haɗi mai kauri yake yi wa hanjin yaro. Maimakon ruwa ya shiga jiki, sai ya riƙa fitowa daga jiki zuwa hanji, zawo ya ƙaru. Gishiri kuma ya taru a jini, yaro ya shiga matsanancin ƙishirwa, yana iya sanƙarewa, yana iya rasa ransa.

In ruwan ne ya yi yawa fa? A ce an juye ƙunshi cikin kwalbar 150 cl an cika ta. 75 : 1,5 = 50. Haɗarin wannan bai kai na farko ba, amma maganin ya yi rauni, ba zai mayar da gishirin da yaro ke zubarwa yadda ake so ba.

Akwai kuma ƙunshin da aka yi domin rabin litar ko ƙasa da haka. Don haka kada a ce an saba. Kowane ƙunshi a karanta jikinsa, ko a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a baro gidan likita. Kada a raba garin gida biyu da ido, kada a ƙara masa sukari don yaro ya ji daɗi, kada a haɗa shi da madara ko lemun kwalba.

Yadda ake ba yaro

Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililitar 50 zuwa 100. Mai shekara 2 zuwa 10 a ba shi 100 zuwa 200. Wanda ya wuce haka ya sha iyakar yadda yake so. A riƙa ba ƙaramin yaro da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. A rufe kwanon, kuma abin da ya kwana ya wuni, wato ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo. Kada a daina ba da nono, kada a hana abinci. Tun 2004 OMS da Unisef suka ƙara da shawarar a ba yaro ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya.

In yaro ya kasa sha ko tsotso, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko an ga jini cikin kashinsa, ko jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita nan take, ana ba shi haɗin a hanya in yana iya sha.

In babu ƙunshi a kusa

Akwai haɗin gida na wucin gadi: litar guda ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. A shafe bakin cokalin, kada a yi masa tozo. Mu auna shi da lissafinmu. Cokali 6 na sukari wajen garam 25 ne. 25 : 342 = 0,073, wato milimol 73. A cikin hanji kowace ƙwayar sukarin shayi tana rabuwa biyu ta ba da gulukoz ɗaya, ke nan mun kusa 75. Rabin cokalin gishiri wajen garam 3 ne. 3 : 58,5 = 0,051, wato milimol 51. Wannan ma yana cikin iyaka.

Amma a ce an yi kuskure an sa babban cokali guda na gishiri, wajen garam 18. 18 : 58,5 = 0,308. Mun koma 300 da ɗori, irin na kofin maƙwabciya. Saboda haka uwa ta ɗanɗana kafin ta ba yaro. In ya fi hawaye gishiri, a zubar a sake. Kada a sa kanwa a madadin gishiri. Haɗin gida ba shi da potasiyom da sitirat, don haka ƙunshi ya fi shi. A yi amfani da shi kafin a samo ƙunshin.

A gona da garke

Lissafin nan bai tsaya a ɗakin mai jego ba. Manomi ya duba buhun takin ure, zai ga an rubuta 46. Daga ina lambar ta fito? Mol ɗaya na ure garam 60 ne. Cikin kowace ƙwayarsa akwai azot biyu, shi ne sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Nauyin mol na azot 14 ne, biyu 28 ke nan. 28 : 60 = 0,46 da ɗan ɗori, wato 46 cikin 100. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 23. Buhun da aka rubuta wa 15-15-15 kuwa, azot ɗinsa 15 cikin 100 ne, wato kilo 7,5 cikin kilo 50. Mai wannan sani ya san abin da yake saye da kuɗinsa.

Malaman kiwo suna koyar da yadda ake gyara busasshiyar ciyawa da kara da ruwan ure domin abincin rani. Awon da aka fi sani shi ne ure kilo 5 cikin ruwa litar 50, a yayyafa wa ciyawa kilo 100, a danne, a rufe ruf na ƴan makonni, a sha mata iska kafin a ba shanu da tumaki da awaki manya. Mu lissafa ƙarfinsa. Kilo 5 garam 5000 ne. 5000 : 50 = 100, wato garam 100 cikin litar. 100 : 60 = 1,67. Mol ɗaya da kashi biyu cikin uku ke nan cikin kowace litar, ko milimol 1670. Ku gwada shi da 245 na SRO ku ga nisan da ke tsakani. Wannan ruwa guba ne ga dabba in ta sha. Kada a bar shi buɗe inda akuya za ta kai baki, kuma mai son yin aikin ya fara da malamin kiwo a gefensa.

Mai feshin ƙwari ma haka. A ce, don misali kawai, takardar kwalba ta ce mililitar 2 cikin kowace litar, famfonka kuwa yana cin litar 15. 2 sau 15, mililitar 30 za ka zuba. In ka ninka don ƙwari su mutu da wuri, kana iya ƙone ganye, ka cuci kanka da masu cin amfanin, ka yi asarar kuɗi. In ka rage don tattali, ƙwarin ba za su mutu ba. Kowane magani da nasa awo, yana rubuce a jikinsa. Cokali da kwanon da aka auna maganin gona da su kuwa kada su sake komawa madafa.

Mu gwada kanmu

Ku yi waɗannan a allo tare da malaminku kafin ku duba amsa.

1. Ruwan gishiri da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya yana da gishiri garam 9 cikin litar. Milimol nawa ke nan?
2. An narkar da gulukoz garam 36 cikin haɗi litar 2. Milimol nawa ne cikin litar?
3. An juye ƙunshin SRO na litar guda cikin leda ɗaya ta 50 cl. Sodiyom ya koma nawa cikin litar?
4. Makiyayi yana da ure kilo 3. Ruwa litar nawa zai sa don ƙarfin ya tsaya garam 100 cikin litar?

Ga amsoshin. Ta farko, 9 : 58,5 = 0,154, wato 154. Ta biyu, 36 : 180 = 0,2, a raba da 2 ya ba da 0,1, wato 100. Ta uku, 75 : 0,5 = 150, ya ninka yadda ya kamata sau biyu. Ta huɗu, 3000 : 100 = 30, litar 30 ke nan.

Wanda lissafin mol ya yi wa tsauri yau, kada ya karaya, ya sake bi gobe, sannu ba ta hana zuwa. Amma kowa ya riƙe tambaya biyu duk lokacin da zai narkar da wani abu cikin ruwa, na yaro ne ko na gona: nawa zan zuba, cikin litar nawa? Roƙonmu ga malaman azuzuwa, ku je gidan likita mafi kusa ku samo ƙunshin SRO ɗaya, ku zo da shi aji tare da kwalbar litar, kowane ɗalibi ya karanta jikinsa ya auna ruwan da hannunsa. Wanda ya koya kuma ya kai wa maƙwabcinsa da bai samu shiga aji ba.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.